Asusun lafiyar yara a jihar Tawa: yadda ake kafa shi, da waɗanda ake haɗa kai da su

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yaron da bai cika shekara 5 ba a likitocin gwamnati, tare da kuɗin awon ciki, bayan an riga an ɗauke na tiyatar haihuwa a 2005. Matakin ya ceci rayuka. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma sa maganin kyauta da rabon sange da kula da tamowa cikin dalilan da suka kawo haka.

Sai dai duk uwar da ta taɓa goya yaro mai zazzaɓi daga ƙauye zuwa likita a tsakiyar damina ta san inda kyautar ta tsaya. Ranar da yaro ya cika shekara 5 ya fita daga ciki, alhali sauro bai daina cizonsa ba. Idan kuɗin da gwamnati ke mayar wa likitoci suka yi jinkiri, abin da ya daɗe yana faruwa, ɗakin magani sai ya bushe, a miƙa wa uwa odonas ta je ta saya a waje. Man ambilas daga CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati da ke kusa da jama'a, zuwa asibitin gunduma, ko daga can zuwa babban asibitin Tawa ko cibiyar uwa da yaro, galibi a kan iyali yake faɗawa. Haka abincin uwar da za ta kwana mako biyu tana jinya. Waɗannan wurare huɗu ne ke sa magidanci ya ce a dakata zuwa gobe, kuma goben nan ce take kashe yara.

Wannan jagora na masu son kafa asusun taimakon juna ne domin lafiyar yaran garinsu ko unguwarsu, irin wanda ma'aikatan lafiya ke kira mutuwel. Abin da nake so ya zauna a zuciya tun yanzu shi ne: asusun ba zai biya abin da gwamnati ta riga ta ɗauka ba, aikinsa toshe inda ta bari, kuma ba ya daɗewa sai an ɗaure shi da rigakafi.

Mataki na farko: rajistar likita kafin maganar kuɗi

Kada ku kira taron gari tukuna. Mutum huɗu ko biyar, maza da mata, su je wurin majo, shugaban CSI, su roƙe shi ya zauna da su a kan rajistar shekarar da ta wuce. Ba sunayen marasa lafiya za ku duba ba, wannan sirri ne, jimilla kuke nema wata bayan wata. Yara nawa masu shekara 5 zuwa 14 aka kawo? Mene ne ya fi kawo su? Nawa aka tura asibitin gunduma, nawa ne kuɗin tafiya ɗaya? Waɗanne magunguna ne suka yanke, a wane wata, tsawon kwana nawa? Jarirai nawa suka karɓi allurar makonni 6, nawa daga cikinsu suka dawo ta wata 9?

Ku tambayi farashin yau. A watan Satumba na 2024 hukumomi sun rage kuɗin ganin likita da na wasu ayyuka a likitocin gwamnati, don haka wanda ya yi lissafi da tsohon farashi zai aza wa mutane nauyin da ya wuce kima. Ku kuma tambaya ko gundumarku tana da asusun ambilas, domin a gundumomi da dama ana ƙara sefa 100 a kan kuɗin ganin likita saboda jigilar marasa lafiya. In akwai shi kuma yana aiki, ku ƙarfafa shi, kada ku kafa masa kishiya.

Bayan haka ku ƙidaya yaran gida gida. A nan za ku tarar da yara da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu kuma karnensu na awo ya ɓace ko gara ta ci. Ku rubuta su daban, domin shekarun yaro su ne ke nuna ko yana cikin kyautar gwamnati ko yana kan asusunku.

Mataki na biyu: abokan tafiya, kowa da kayansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi son a daɗe. Haɗin gwiwa ba taro ba ne da ake ɗaukar hoto a watse. Kowane abokin tafiya ku je masa da buƙata guda bayyananniya, wadda yake da ikon yi, wadda kuma za a iya dubawa bayan wata uku a ga ya yi ko bai yi ba.

Majo da kwamitin kula da kuɗin likita, wato COGES, su ne na farko. Tun shirin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi, da tsarin biyan kuɗin magani da ya biyo baya, jama'a suna da kujera a tafiyar da likitarsu ta hanyar wannan kwamiti. Abin da kuke buƙata gare su shi ne su karɓi katin asusu a madadin kuɗin hannu. Abin da za su samu shi ne kuɗi tabbatattu duk ƙarshen wata, waɗanda za su sayo magani da su. Ku faɗi wannan a fili, domin majon da ya sha jiran kuɗin kyauta yana da dalilin tsoron duk wanda ya ce masa a yi magani yau a biya daga baya. Daga nan ku hau wurin babban likitan gunduma. In babu sa hannunsa, yarjejeniyarku za ta mutu ranar da aka canja wa majo wurin aiki.

Ƙungiyoyin mata su ne ƙashin bayan tarin kuɗi. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu ƙasar nan har da wajenta, kuma matan da ke cikinsa sun riga sun saba da zubi kowane mako, da akwati mai makullai a hannun mutane daban daban, da ƙirga kuɗi a gaban kowa. Babu abin da za ku koya musu a wannan fanni. Ku roƙe su su buɗe zubi na biyu, ƙarami, na lafiyar yara. Amma a kiyaye: kada a mai da mata masu tara kuɗi kawai, maza su zama masu sa hannu. Aƙalla rabin kujerun kwamitin nasu ne, har da ta ma'aji.

Maigari ko hakimi ba kuɗi za ku nema gare shi ba. Ku ce: “Ranka ya daɗe, muna so a kira taron a ƙofar gidanka, kuma yaran gidanka su zama na farko a rajista.” Wannan ya fi kowace sanarwa.

Wurin malamai kuwa ku je da wuri, tun kafin jita-jita ta riga ku. Tambayoyi biyu ne za su taso. Ta farko, ko wannan ba caca ba ce, tunda wani zai zuba bai ci ba, wani ya ci fiye da abin da ya zuba? Ta biyu, ko tanadin kuɗin cuta tun ba ta zo ba, ba kiran ta ba ne? Kada ku raina masu waɗannan tambayoyi, da zuciya ɗaya suke yin su. Ku zauna gaban liman ku ce: “Allah gafarta Malam, ga tsarin, a duba mana shi.” Ku bayyana cewa zubin kyauta ce da kowa ya bayar domin taimakon yaran gari, babu mai cin riba, babu ruwa a kan kuɗin, abin da ya rage kuma na asusu ne. Mutanen Adar sun san rumbun tsimi: ana zuba hatsi da kaka a ci da bazara, ba wanda ya ce mai zubawa yunwa yake kira. In liman ya gamsu, ku roƙe shi ya yi maganar da bakinsa bayan sallar Juma'a.

Ƴan cin rani babban ƙarfi ne a jihar Tawa, inda da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Abijan, ko Najeriya, ko Libiya, ko Yamai. Su ne ake buga wa waya tsakar dare idan yaro ya suma, su yi ta fafutukar aiko da kuɗi cikin gaggawa. Ku nuna musu cewa biyan kuɗin shekara sau ɗaya ya fi musu sauƙi. Yawancin garuruwa suna da ƙungiyar ƴan asalinsu a can, kuma da ita za ku yi magana. Kuɗin su shigo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana da sunan asusu, a tura wa mai biya hoton rasit da sunayen yaran da ya biya wa.

Magajin gari, ko kantoman da ke riƙe da komin, ku nemi abu uku gare shi: layi a kasafin kuɗin komin domin yaran marasa galihu, taimako wajen takardun haihuwa, da gyaran ambilas. Shugaban lakwal da ƙungiyar iyayen yara za su taimaka da rajista, tunda yawancin yaran da asusu ya shafa ƴan makaranta ne, amma kada ku manta da almajirai da ƴan matan da ke talla da yaran makiyaya. Su ma yaran gari ne.

Na bar ƙungiyoyin agaji a ƙarshe da gangan. Suna da amfani: horar da kwamiti, buga katuna da littattafai, biya wa marayu. Amma kada a ɗora farashin zubi a kan tallafinsu. Shiri yana da ranar ƙarewa, kuma asusun da aka saba wa mutane da rabin farashi yakan rushe a shekarar da aka ce su biya cikakke.

Mataki na uku: me asusu zai biya, nawa za a zuba

A shekarar farko ku taƙaita. Ga abin da nake ganin ya isa: ganin likita da magani a CSI ga yara masu shekara 5 zuwa 14, kuɗin ambilas ga kowane yaro, ƙarami ko babba, idan majo ne ya tura shi, maganin da ya yanke a likita ga ƴan ƙasa da shekara 5, bisa jerin da aka amince da shi, da ɗan kuɗin abinci ga uwar da aka kwantar da ɗanta. Abin da ba za a biya ba shi ma a karanta shi a gaban taro: maganin tebur na kasuwa, zuwa asibiti mai zaman kansa ba tare da takardar turawa ba, da jinya a ƙasar waje. Rigimar da ke kashe asusu tana tasowa ne daga abin da mutum ya ɗauka an yi masa alkawari.

Ga misalin lissafi. Alƙaluman na koyo ne kawai, ku sa naku daga rajistar likitarku. A ce yara 500 aka rubuta, kowanne yana zuwa likita sau ɗaya a shekara, kowane zuwa yana cin sefa 1,500. Idan iyaye suka biya 300 da hannunsu, asusu ya biya 1,200, jimilla 600,000 ke nan. A ce yara 20 za a tura asibiti, kowace tafiya 15,000, an sami 300,000. An tashi 900,000. A ƙara kashi 10 cikin 100 na katuna da littattafai da zirga-zirga, a ƙara wani kashi 10 na ajiyar ko-ta-kwana, ya zama 1,080,000. A raba wa yara 500, kowane yaro 2,160 a shekara, wato jika biyu da ƴan kai.

Abu biyu game da wannan lissafi. Idan mutane suka ga ba sa biya da yawa, zuwa likita zai ƙaru, kuma haka ake so, saboda haka ku ɗaga adadin zuwan sama da abin da rajista ta nuna. Sannan ɗan abin da iyaye ke biya da hannu kada ya yi nauyi. Amfaninsa kawai ya hana a riƙa karɓar magani ana ajiyewa. A kan ambilas kuwa ban ga dalilin karɓar ko tamma ba, domin babu mai hawa ambilas don sha'awa.

Ƙa'idoji biyu ne ke tsare asusu daga karyewa. Ana rubuta dukan yaran gida ne, ba a zaɓen mai yawan ciwo a bar masu lafiya. Kuma sabon shiga yana jira wata ɗaya ko biyu kafin katinsa ya fara aiki, don kada mutum ya zo ya yi rajista da safe saboda ɗansa ya kwana da zazzaɓi. Yaro mai sikila ba a korarsa saboda yawan jinyarsa. A rubuta shi, a haɗa iyayensa da likitan gunduma domin ya sami kulawa ta kai a kai, wadda ke rage yawan kwanciya.

Mataki na huɗu: lokacin zubi

Kuɗi suna shigowa gidajenmu da kaka, cuta kuma tana yawaita da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Duk hikimar asusun a nan take. Ku buɗe rajista daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da wake ke hannu. A garuruwan albasa, kamar yankin Galmi da Madawa da fadamun Keita, a ƙara wata ƙofar bayan an kwashe albasa. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyoyin gero, kwamiti ya auna a gaban shaidu, ya rubuta farashin ranar. In za a ajiye hatsin a sayar da bazara, a sa wa mutum biyu alhakin rumbun, kuma kada a ajiye fiye da rabi, domin likita da kuɗi ake biyanta.

Matan da ke zubin mako za su iya biya kaɗan kaɗan. Sefa 50 a mako na kai 2,600 a shekara.

Kowane gida a ba shi kati mai sunayen yara da shekarunsu, da hoto in ya samu. Kowane zubi da rasit, ko na dala biyar ne. Kuɗin kada su kwana a ɗakin kowa: a buɗe musu ajiya a banki ko a wata amintacciyar ma'ajiyar kuɗi, ba a fitarwa sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Ba a ba da rance daga ciki, ko na biki, ko na taki, ko ga shugaban kwamiti. Ku kuma yi wa ƙungiyar takardun hukuma. Nijar tana da dokar mutuwel ta 2008, ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa ma ta fitar da ƙa'ida a 2009, kuma ofishin lafiya na jiha zai nuna muku takardun da ake nema. In ba ku da su, ba za ku iya sa hannu a yarjejeniya da komin ko da wata ƙungiya ba.

Mataki na biyar: yarjejeniya a rubuce

Shafi biyu sun isa. A rubuta farashin kowane aiki, ko kuma farashi guda na kowane zuwa, wanda ya fi sauƙin dubawa. A rubuta ranar da likita za ta kawo takardar bashi da ranar da asusu zai biya, kuma ku riƙe wannan rana kamar rai, domin jinkiri biyu sun isa a fara kallon mai kati da wani ido. A rubuta abin da za a yi idan magani ya yanke: wane ɗakin sayar da magani za a je, wa zai sa hannu. A rubuta wanda ake kira idan ana neman ambilas da dare. In asusu yana da hali, ya ajiye wa likita kuɗin wata ɗaya tun gaba a watan Yuni domin ta cika ɗakin magani kafin ruwa ya sauka. Majo, shugaban COGES, shugaban asusu da likitan gunduma su sa hannu, a karanta fassarar da Hausa a gaban jama'a, da Tamajak ko Fulatanci inda ake buƙata.

Mataki na shida: rigakafi, wanda shi ne ke riƙe da asusun

Kowane yaron da ya kwanta asibiti da zazzaɓi mai tsanani yana cinye zubin yara da yawa. Saboda haka kwamitin da ya zauna yana jiran takardun bashi kawai zai ga kuɗinsa sun ƙare kafin Oktoba. Abin farin ciki shi ne kusan duk kayan rigakafin kyauta ne, abin da ya rage a kai yaro gare su a kan lokaci. A nan ne ƴan sa-kan lafiya na gari, waɗanda ake kira rele, suke shigowa. Ku ba kowannensu jerin gidajen da zai bi, ku kuma ware musu ɗan abin sabulu daga kason tafiyar da aiki, domin aikin da ake yi da yunwa ba ya nisa.

Allurar jarirai ita ce farko. Da haihuwa ana yin ta tarin fuka da ɗigon shan inna. A mako 6, da 10, da 14 ana yin mai haɗe da cututtuka biyar, da ta ciwon haƙarƙari, tare da ɗigon shan inna, ana kuma ba da ɗigon zawo. A wata 9 sai ta dusa da ta shawara da ta sanƙarau. Akwai ta dusa ta biyu a cikin shekara ta biyu, kuma ita ce aka fi mantawa, domin uwa tana ganin yaro ya fara tafiya an gama. Ranar sabunta kati a ce kowace uwa ta zo da karnen yaranta, ma'aikacin lafiya yana zaune a gefe, wanda ya tsallake allura a yi masa nan take. Kada a hana yaro kati don bai cika allura ba, laifin ba nasa ba ne. Nijar ta fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Gaya a Satumban 2024, don haka ku tambayi majo matsayin gundumarku.

Na biyu, maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, wanda ake rabawa wata wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne. Na ranar farko ana sha a gaban mai rabawa, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa, kuma nan ake samun matsala: wata ta ajiye sai yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba wa yayyensa. Rele su koma gida gida a rana ta biyu da ta uku. Wannan zagaye shi ne aiki mafi riba da asusu zai biya wa ladan tafiya. Yayyen da suka wuce shekara 5 kuwa kariyarsu sange ce, kuma sau da yawa su ne ke kwana a tsakar gida babu komai a kansu, sangen yana ɗaki a ninke ko an kewaye shuka da shi. A duba shimfiɗar yara, ba yawan sangen da aka karɓa ba.

Na uku, tamowa. A koya wa kowace uwa auna dantsen ɗanta da zaren awo mai launi uku, daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma, wato ƙasa da milimita 115, a tafi likita ranar. Haka idan ƙafafu biyu suka kumbura, aka danna yatsa ya bar rami. Abincin gyaɗar da ake bayarwa a likita magani ne na yaro guda, ba na rabawa ba ne, ba kuma na kasuwa ba. A ƙarfafa ba jariri dakashi tun sa'ar farko, da nono zalla har wata 6 ba tare da ruwa ba, ko da a zafin Afrilu ne. Wannan magana da kakanni za a yi ta, domin su ne ke riƙe da jariri. Bitamin A da maganin tsutsar ciki sau biyu a shekara su ma a duba su a karne.

Akwai alamomin da duk mai kati ya kamata ya haddace: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amai da duk abin da aka ba shi, barcin da ba a iya tada shi, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, tafin hannu ya yi fari fat. Ɗaya daga ciki ya isa a kama hanya ko da tsakar dare. Zawo kuwa a fara ruwan gishiri da sukari na fakiti tun a gida, da ƙwayar zinki ta kwana 10. Ku zauna da wanzamai da masu maganin gargajiya cikin girmamawa, tunda wurinsu ake fara zuwa. Ku roƙe su idan suka ga waɗannan alamomi su tura uwa likita, su kuma bar cire beli ga jarirai, domin zubar jini da ƙwayar cuta da ke biyo baya suna kai yara asibiti.

Yaran da iyayensu ba za su iya zubi ba

Idan aka bar su, an bar waɗanda suka fi buƙata. Ƙaramin kwamiti na liman da wakiliyar mata da rele ya fitar da sunayen marayu da yaran gidajen da ba su da komai, a asirce. Katinsu ya zama iri ɗaya da na kowa, kada a yi musu wani launi. Kuɗinsu su fito daga kason komin, da sadakar ƴan kasuwa, da ƙungiyar ƴan cin rani. Ko zakka za ta shiga, da yadda za ta shiga, wannan a bar wa malamai. Kuma a biya cikakken zubinsu cikin asusu. In aka rubuta su kyauta ba tare da wani ya biya ba, nauyin zai koma kan sauran a ɓoye.

Dubawa da gyara

Duk wata, kwamiti ya kwatanta takardar bashin likita da littafinsa, a zaɓi gidaje kaɗan a je a tambaya ko da gaske an kai yaron, ko an ba shi maganin, ko an karɓi wani abu a hannunsu bayan abin da aka yanke. Masu binciken kuɗi su zama mutum biyu da ba sa cikin kwamiti kuma ba dangin ma'aji ba. Duk wata uku a rubuta a allo a ƙofar likita: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, yara nawa aka yi wa magani, nawa aka kai asibiti, nawa suka cika allura. A tura hoton allon ga ƴan cin rani ta WhatsApp, a karanta shi a rediyon gari in akwai.

Ku sa ran mutane da yawa za su ja baya a shekara ta biyu, musamman waɗanda yaransu ba su yi ciwo ba. Kafin a buɗe sabuwar rajista a ziyarce su ɗaya bayan ɗaya, a kuma roƙi iyayen da aka ɗauki ƴaƴansu a ambilas su yi magana a taro in sun yarda. Idan kuɗi suka gaza, a fara da duba ko magani ake rubutawa fiye da kima, ko gidaje ne ke rubuta wasu yara su ɓoye wasu, kafin a taɓa farashi. In ƙarin ya zama dole, babban taro ne ke yanke shi, da kaka, ba a tsakiyar shekara ba. Idan kuma rara aka samu, ba a rabawa: a cika ajiyar ko-ta-kwana har ta kai kuɗin wata shida, sannan a ƙara wani abu cikin jerin abin da ake biya, kamar gwajin jini a asibitin gunduma. Garuruwan da ke ƙarƙashin CSI ɗaya, da zarar kowanne ya yi shekara biyu a tsaye, su haɗa kason ambilas ɗinsu wuri guda, domin asusun yara 500 na iya durƙushewa da annobar dusa guda, na yara 5,000 kuwa zai ɗauke ta.